Munzali, Na Tara a Jerin da Ya Gina

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban, tsakanin Azahar da La'asar, Allah Ya karɓi ran Munzali Abdussamadu a gidansu da ke Badariya, nan Birnin Kebbi, yana da shekara talatin da takwas. Ciwon ƙoda ne sanadi. Ni Sunusi, shekara shida muka yi tebur ɗaya da shi muna rubuta manhajar kwamfuta.

Munzali, ban manta ranar da wani asibiti ya kira mu kan jerin masu jiran wankin ƙoda ba. Injuna biyu ne kacal, mutum takwas suke iya ɗauka a sati, majinyata kuwa sun haura sittin. Sunayensu na cikin rumbun bayanai, amma duk sa'ad da aka tambayi rumbun sai ya zubo su yadda ya ga dama, na sama jiya ya koma ƙasa yau. Ma'aikaci kuma sai ya tsinci wanda ya sani. Na ce mu riƙa jera su da hannu kowace Litinin. Ka harare ni ka ce, "Hannun wa? Hannu yana da dangi."

Sai ka gina mazubi mai jera kansa. Duk sunan da rumbu ya bayar, yana faɗawa ciki zai zauna a gurbinsa: wanda gwajin jininsa ya fi muni a gaba, in biyu sun yi kunnen doki, wanda ya riga zuwa. Ba ɗan wane, ba ɗiyar wane.

Ka yi kuskure sau ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba, don kai ma ba ka ɓoye ba. Irin wannan mazubi in ya ga biyu masu awo ɗaya, sai ya ɗauka maimaici ne ya yar da guda. Mata biyu suka zo rana ɗaya, gwajinsu ɗaya. Laure, wata mai gumin shinkafa a Argungu, ta ɓace daga jerin har sati biyu. Da ka gano, ba ka ce laifin kwamfuta ne ba. Ka hau babur cikin garjin rana har ƙofar ɗakinta, ka durƙusa ka ce, "Goggo, ni na yar da sunanki, ki gafarce ni." Kai ka ɗauko mata mota. Washegari ka sa lambar katin asibiti cikin awon, don kada a ƙara haɗiye kowa.

Bara ƙafafunka suka fara kumbura. Sunanka ya shiga rumbun da ka tsara, kamar na kowa. A satinka na ƙarshe ka faɗo na tara. Makullin shiga yana hannuna, lamba ɗaya tak zan taɓa a gwajinka. Na zo na same ka kwance a zaure, numfashi na yi maka wuya, na faɗa maka niyyata. Ka ce, "Sunusi, wa za ka tura baya? Kira mani sunanshi." Ta takwas Laure ce, kuma ka sani.

Wallahi na yi fushi da kai. Na ce maka taurin kai ne, na fita ko sallama ban yi ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ita ke cina a rai.

Ranar Alhamis da safe na je na goge sunanka da hannuna. Na goma ya matso ya zama na tara ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kamar yadda ka tsara. Ran sadakar uku Laure ta zo gaisuwa da ƙafarta, da kwanon shinkafa a kai. Ba ta san komai ba, ni ma ban faɗa mata ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da matarka Sauda, da 'ya'yanka Mubina da Nazifa. Sauda, makullin na hannuna kuma ban yi ba, ki yafe mani. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayun nan bisa gaskiyar ubansu.

Allah Ya jiƙanka Munzali, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka. Ranar da za a jera mu gabanSa, Allah Ya sa a kira ka cikin na farko, kada ka jira.