Malama Mai Jaka da Matajinta

Shekara ashirin da biyu, ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi wa Malama a gida ba. Za ka gan ta tana hawa matakalar ajin manya da tsohuwar jakarta, kuma ba littafi ne ya cika jakar ba: tawul ne, da mataji, da madubi, da buroshin haƙori, da wani agogo mai ƙarar tsiya. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Mai Jaka.

Sifaniyanci take koyarwa, ga mutanen da neman abinci ya kawo su cikin masu wannan harshe da girmansu. Ba ta fara da allo. Sai ta kwantar da ƙaton direba mai gemu a kan benci, ta saki agogo a kunnensa.

"Tashi, Baba Direba! Me kake yi yanzu?"

"Me levanto, wato na tashi, Malama. Amma wallahi ko matata ba ta yi mini haka."

Aji ya kwashe da dariya, kalmar kuwa ta zauna daram. Haka za a bi safiya kaf: na wanke fuska, na taje kai, na sa kaya.

Wata rana Goggo, bazawara mai 'ya'ya uku, ta zauna bayan an tashi, ido ya yi ja. Ta samu aikin kula da wata tsohuwa, gwajin mako guda, ga shi kwana huɗu sun wuce tsohuwar ba ta yarda ta taɓa ta ba. 'Yar tsohuwar ta ce in Juma'a ta yi haka, za a nemi wata.

Malama ta zauna a kujera, ta murtuke fuska. "Ni ce tsohuwar. Nuna mini yadda kike yi."

Goggo ta cafko hannunta ba ko magana.

"Haba Goggo! Buhu ce ni? Gobe kada ki taɓa ta. Ki tsaya gaban madubinta, ki taje naki kan, ki faɗi abin da kike yi da ƙarfi." Ta zaro matajinta ta ba ta.

Washegari Goggo ta cire ɗankwali ta ce "me peino", wato ina taje kaina, da irin lafazin da ya sa tsohuwar ta tuntsire da dariya. Tsohuwar ta gyara mata lafazin, ta sake gyara mata, sannan ta fizge matajin don ta nuna mata yadda ake yi. Ashe kewar a saurare ta take yi. Shekara shida ke nan Goggo na gidan.

Malama, ke ce ba ki taɓa jin kunyar yin wasan yara don babba ya tsira da mutuncinsa ba. Ke ce mai haƙuri da harshen da ya riga ya ƙage. Ina jin daɗin na san ki, kuma ba na ɓoyewa.

Ranar da kika yi ritaya, Goggo ta turo tsohuwar a keken guragu har cikin aji, gashinta a taje tsaf. Tsohuwar ta miƙo miki matajinki ta ce da kanta ta taje gashin.

Mun gode, Mai Jaka. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu koyarwa, kafin ku ɗauki alli, ku tambayi ɗalibinku abin da ke jiransa gobe da safe.