Sirrin Abu Badr a Bakin Taga

Abdulghaffar Bello bai taɓa shan giya ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma dattijon da ya haura sittin, mai furfura har a gira, ba a ƙaryata shi a gaban jama'a. Abin da yake sha maganin gwiwa ne. Gwiwar ce dai ta ƙi warkewa shekara da shekaru. Maganin kuwa siddiƙi ake ce masa, wani ɗan taliki ne ke dafa shi a ɓoye, kuma ko ƙuda ya faɗa ciki da tangaɗi yake fitowa.

A unguwar Nuzla, can ƙasar Hijaz, aka haife shi. Kakansa ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Katagum don sauke farali, ya sauke, ya waiga ya ga tsawon hanyar komawa, ya ce halas, ya yi zamansa. Abdulghaffar ya tashi da Hausa a gida da Larabci a titi, ya zama direba. Ƙuruciyarsa duk a Abhur ta ƙare, yana tuƙa wani injiniya Bature mai gida a bakin teku. Baturen mutumin kirki ne, ba ya cin abu shi kaɗai. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa direbansa agogo da tabarau da ƙishirwa. Agogon ya tsaya, tabarau ya fashe, ƙishirwar ce kawai mai inganci.

Da ido ya yi rauni kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya sallame shi, ya dawo gida ya zauna, wuni ya yi masa tsawo. Maganin ya koma kwalbar ruwan wardi a bayan injin wanki, wurin da ya tabbata ba mai dubawa. Matarsa Mastura, wadda kullum sai ta kunna injin nan, ba ta san komai ba. Takan dai ɗaga kwalbar ta share ƙarƙashinta ta mayar.

Wata Juma'a da rana tsaka, ya sha ado zai tafi masallaci, matakalar bene ta yi masa rashin kunya, ta zame daga ƙarƙashin ƙafarsa. Haka ya bayyana lamarin. Hannu ya karye. Likitan da ya ɗora shi ya duba jini, ya ja 'yarsa Joud gefe ya ce hannu zai warke, hanta ce abin ji.

Joud a kantin magani take aiki. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta haɗa da Larabci.

"Baba, lazim ka ga likitan masu sha."

"Masu shan me?"

"Baba."

"So kike a rubuta sunana a hukuma? A soke min iƙama, takardar zamana a ƙasar nan, a kwashe ni a zube a Kano? Wa na sani a Kano? Ko hanyar tasha ban sani ba."

Tsoron nan dai na gaskiya ne, ita ma ta sani. Sai ta karɓi wayarsa ta saka masa wata manhaja ta masu son rabuwa da sha, wadda ba ta tambayar lambar iƙama, ba ta ma damu da sunan gaskiya ba. Ta ce ya zaɓi suna. Dattijo ya yi nazari, ya zaɓi Nawaf, sunan samari masu jan mota a bakin teku.

Kullum da safe wayar sai ta yi ƙara ta tambaye shi yaya ya kwana, ko ya sha jiya, ta jera masa fuskoki ya taɓa ɗaya. Shi kuwa ya taɓa mai murmushi da hannun da ya karye, don mai lafiyar yana riƙe da kofi. Manhaja ta yi murna, ta aiko masa da hoton kofin zinariya da tafi. Ya miƙa wa Mastura, uwar ɗansu Badr, wayar.

"Kin gani, Ummu Badr? Ko na'ura ta shaida."

"Ai na'urar ba ta da hanci, Abu Badr," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Da an bar shi da na'ura da sun zauna lafiya har abada. Amma Joud ta taɓa wani wuri ta nema masa mai ba da shawara, mutum mai rai. Wayar ta yi ƙara bayan la'asar, muryar mace ta yi sallama. Ya gyara murya ya zuba Larabcin Hijaz. Ta saurara, ta saurara, sai ta ce, "Baba Nawaf, ina gajiya?"

Saura kaɗan wayar ta faɗi. Sunanta Bashira, Bahaushiyar Sudan ce, ta karanci aikin. Ta ce duk abin da ya faɗa tsakaninsu ne, sirri ne, ko 'yarsa ba za ta ji ba. Ya gamsu ƙwarai.

Sai dai kunnen Abu Badr ya yi nauyi, don haka a lasifika yake sa waya, kuma ya yi imani wanda ke nesa sai an ɗaga masa murya. Gidan kuma ba ya kama sabis sai a bakin taga. Tagar tana kallon lungun da Abduljalil mai tsire ke kafa tukubarsa kullum bayan la'asar, da benci cike da masu jira.

"Kofi nawa jiya, Baba?"

"Ɗaya tal!"

"Kofin shayi ne ko moɗa?"

Ya ce ita dai ba ta da tarbiyya. Ta yi dariya, ta ce haka mahaifinta ma yake cewa. Ba ta yi masa wa'azi ba, kuma wannan ne ya rikita shi, don ya tanadi amsar wa'azi tun tuni. Tambaya kawai take yi ta jira. A hankali ya fara faɗin abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce tun da aka karɓe makullin mota bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya ce in ya farka da safe babu mai jiran sa a ko'ina. Ranar da ya faɗi haka, a ƙasa ko wuƙar Abduljalil ba a ji ba.

Bashira ta ja masa kunne a kan abu ɗaya. "Kada ka yanke lokaci guda, Baba. Jikin da ya daɗe yana sha, in aka yanke masa farat ɗaya, yana iya kai mutum kabari. Sai da likita."

Yarinya sa'ar 'yarsa za ta gaya masa abin da jikinsa zai iya? Ya ɗauko kwalbar, ya kira Mastura ta zama shaida, ya tuttule ta a masai kamar mai yanka ragon layya. Ba a daɗe ba hannu ya fara rawa, gumi ya jiƙa katifa, ya soma ganin kyankyasai suna tafiya a jere a bango, yana ba su hannu su wuce. Da ya faɗi yana karkarwa Mastura ta yi ihu ta taga. Abduljalil ya hauro da garin ƙuli a hannu, suka sa shi a tasi. A asibiti likita ya tambayi abin da ya faru. Mastura ta fara kame-kame, Abduljalil ya karɓe.

"Siddiƙi ne, duktur. Ya yanke lokaci guda, alhali malamar ta hana shi."

An karɓi iƙamarsa, an rubuta suna, an mayar wa Joud. Ba wanda ya ambaci Kano.

Da ya farfaɗo, Mastura ta ba shi labari. Abduljalil ya zo dubiya da ledar lemo, Abu Badr ya kafe shi da ido.

"Wa ya gaya maka?"

"Kai mana, Abu Badr. Kullum bayan la'asar. Wallahi har ciniki ya ƙaru."

"Duk lungun?"

"Mai gyaran firji in bai samu zuwa ba, sai ya bugo ya tambayi inda aka tsaya."

Ya ja mayafi ya rufe fuska. Bayan an sallame shi ya daɗe bai leƙa waje ba, ya ce gwiwa ce. Ranar da ya sauko, ya taho yana jiran a yi masa dariya. Ba wanda ya yi. Aka matsa masa a benci, aka miƙo masa shayi, hira ta ci gaba a kan ƙwallo. Sai da ya tashi tafiya wani tsoho marar haƙori ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Nawaf."

Yanzu yana ganin likita, yana shan ƙwayoyinsa yana zagin ɗacinsu. Ya zame sau da dama, kuma ya faɗa wa Bashira da bakinsa, ta ce to, a tashi a ci gaba. Ta haɗa shi da wasu dattawa irinsa da ke haɗuwa ta waya, inda ya zama babban malami, yana yi wa sababbin shiga faɗa a kan ƙarya.

Watan jiya matar ɗansa Badr ta haihu, aka sa wa jaririyar Shahad. Ranar suna aka yi ta yawo da ita hannu zuwa hannu, ana tsallake shi cikin ladabi. Maha, uwar jaririyar, ta lura. Ta taso ta kira surukin nata yadda Larabawa ke kiran baffa, ta ce, "Ammi, zauna a ƙasa." Ya zauna a kan kafet, ta sa masa matashi a cinya, ta ɗora masa ita. Hannunsa na ɗan rawa har yanzu, yarinyar dai ba ta damu ba, barcinta take yi. Ya daɗe yana kallonta, ya ja majina, ya ce turaren wutar Mastura ne ya yi yawa.

"Hancin nan na danginku ne, Maha," in ji shi. "Allah ya sa ta yi ilimi."

Aka zo karɓarta ya ce a bari tukuna.