Kwantaccen Cikin Zinariya

Duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli a Jajaye wajen shekarar 1990 ya san Zinariya matar Nasidi, mace mai fara'a, kullum hannunta ɗaya dafe da mara. In an tsokane ta sai ta ce, "Ku yi a hankali, ɗana na barci."

Haihuwarta ta fari sai da aka yi mata tiyata, ɗan bai zo da rai ba. Ciki na biyu kuma ya je ya maƙale a tabon ɗinkin nan. Jini ya ɓalle, aka kwashe ta sai asibiti a Kano. Likita ya ja Nasidi gefe, ya ce cikin dai ba zai tsira ba, saura zaɓi biyu: ko a yanke tabon a ɗinke mahaifar, wata rana ta haihu amma da haɗari, ko a cire ta ɗungurungum. Mai jikin kuwa na kwance idonta biyu, ba wanda ya ce mata uffan. Nasidi ya ce a cire.

Da ta farfaɗo ya ce mata jinin kawai aka tsayar. Watanni suka wuce ba ta ga al'ada ba, tsofaffi suka ce ai cikin ne ya kwanta, kwantacce kuwa yakan yi shekaru kafin ya tashi. Kai jama'a, Nasidi na zaune ya gyaɗa kai!

Ba sassaƙen da baiwar Allah ba ta sha ba. Shi da kansa yake goya ta a keke har Kurugu wurin mai maganin tayar da ciki. Zanen goyon da ta saya asu ya cinye, ta sake wani.

Shekarar da zai tafi aikin Hajji ya bi gida-gida yana neman gafara. Daga ƙarshe ya tsuguna bakin murhunta ya faɗa mata komai. "Tsoro na ji kada ki mutu. Ki yafe mini."

Ta tsame ƙuli-ƙulinta daga man da ke tafasa, sannan ta ce masa:

"Malam, cirewar na yafe. Amma keken nan fa? Kana tuƙi, ina bayanka ina zaɓar wa yaro suna, kana cewa Allah ya raya?"

Motar alhazai ta tashi bai samu sauran gafarar ba. Zinariya ta ci gaba da suyarta. Har ta tsufa, hannun nan kan tafi mara da kansa, sai ta tuna ta janye shi.