Labo Mai Fenti da Allon Askin Rilwanu

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Agiye ya ga aikin Labo, ko da bai san sunansa ba. Kifin nan mai murmushi a bisa rumfar mai soya, da kwalbar lemon da ta fi ƙofar shagon tsawo, da zakaran da ke ɗaure da agogo a wuya, duk hannunsa ne. Labo Mai Fenti ake ce masa. Gajere ne, ga surutu kamar an manta rediyo a kunne, kuma ba shi da riga ko ɗaya da fenti bai ɗiga mata ba, har da ta zuwa idi.

Bai yi lakol ba, wato makarantar boko. Haruffan Faransanci kwaikwayonsu yake yi daga takardar da aka rubuta masa, kamar yadda yake kwaikwayon ƙafar kaza. Ya taɓa juya wa wani tela harafi baya, da aka yi masa magana ya ce ai haka ya fi kyau, harafin yana kallon masu shigowa. Amma idan aka zo kan zanen mutum, to nan fa ba a ja da shi. Labo ba ya ƙirƙirar fuska daga kansa. Wanda duk ya ga ya zauna kusa yana shan shayi, shi zai ɗauka ya manna a allo, ko ya so ko bai so ba.

Yana da wata ɗabi'a da matarsa ta gaji da yi mata faɗa. In sana'a ta mutu, sai ya je ya roƙi allonta ya kawo gida. Bayan ɗakinsa akwai allon masu awon gyaɗa tun lokacin da gyaɗa ke da sarauta, da na mai gyaran rediyo, da na mai haya da kaset, da na shagon buga waya wanda salula ta kashe, kowanne jingine da ɗan'uwansa. In baƙo ya yi kuskuren tambaya, ya shiga uku, domin sai Labo ya ba shi labarin kasuwar Agiye allo bayan allo har shayinsa ya huce. Yanzu kuwa yawancin 'yan kasuwa Maraɗi suke aikawa inji ya buga musu talla a kan leda. Labo ya ce shi ba ya kishi da abin da rana ɗaya ta bazara ke kodar da shi, amma kowa ya san yana jin zafin abin.

Ana nan sai wata budurwa mai suna Nazira ta zo ya yi mata allo, za ta buɗe shagon ɗinki. Labo ya ji daɗi har ya rasa inda zai ajiye ta. Yana auna katako ya ce, "Ke ɗiyar wane ce a garin ga?"

"Ɗiyar Yahuza mai keke, Baba. Ya rasu ina goye."

"Allahu akbar, Yahuza! Allah shi jiƙan shi. Ai na zana ubanki. Yana nan bisa allon askin Rilwanu, kamar ki kira shi ya amsa."

Yarinya ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta ce hoton mahaifinta ɗaya ne tal a duniya, na katin ɗan ƙasa, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinsu ya faɗi. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ta ce, "Baba, don Allah ka nuna mini shi."

Magana zarar bunu ce. Labo ya shiga bayan ɗaki ya birkice alluna, kunama ta kusa harbinsa, allon Rilwanu dai babu. Sai a lokacin ya tuna cewa wanzamin ya tattara kayansa ya koma Gazawa tun da daɗewa, da allonsa da komai. Ya rufe ido ya nemi fuskar Yahuza a cikin kansa don ya sake zana ta, ya tarar fuskokin da ya zana sun yi masa yawa, hancin wannan ya hau bakin wancan. Ya fito yana kakkaɓe yanar gizo, ya ce ta ba shi 'yan kwanaki.

Ranar kasuwar Gazawa ya hau taksin daji, aka matse shi tsakanin buhun wake da wata tsohuwa mai ɗauke da zabi. A can ya iske Rilwanu da rai, sai dai ido ya tafi, aska ta daɗe da barin hannunsa. Suka rungumi juna suka yi ta zagin wasa irin na tsofaffin abokai. Da ya kawo zancen allo, Rilwanu ya ce ɗansa Sufyanu ya tafi da shi Cadakori, inda ya kafa tasa rumfar.

"Cadakori! Wato gabas na taho, allon yana yamma. Kai Rilwanu, ko makanta ba ta raba ka da wahalar da mutane ba."

Haka ya koma, ya ratsa Maraɗi yana kau da kai daga manyan tallace-tallacen leda, ya hau bayan moto, wato babur, har Cadakori, ƙugu na ƙara. Sufyanu ya karɓe shi da fura mai sanyi, amma da ya ji abin da ya kawo shi sai ya hau sosa kai. Shi ma ya sa an buga masa na leda. Tsohon allon kuwa, ya ja Labo zuwa bayan gida ya nuna masa, shi ne ƙyauren akurkin kaji.

Labo bai yi fushi ba, murna ta hana shi. Ya durƙusa ya wanke kashin kaji da hannunsa, kawuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin askinsa. Ga direban nan mai gashin baki, ga malamin lakol da tabarau. Da ya iso kan na ƙarshe sai hannunsa ya tsaya. Yahuza ne, ba shakka, amma ya ba duniya baya. Babu ido, babu hanci, sai ƙeya da kunnuwa biyu da wuyan riga.

Nan take ranar ta dawo masa. Yahuza ya ƙi zama a zana fuskarsa, ya ce surukansa ta wannan hanya suke bi zuwa kasuwa, ba zai yarda su riƙa tarar da shi rataye yana zare musu ido ba. Rilwanu ya ce to a zana shi ta baya, dama ana son mai nuna gyaran ƙeya. Labo ya zauna daɓas a ƙofar akurki, kaji na ficewa ta gefensa, kunya ta rufe shi.

Da ya koma Agiye ya ɓoye allon ya kasa fita. Har ya dama fenti, da niyyar ya ɗauki idon Nazira da hancinta ya ƙara musu gemu ya ce ga ubanta, wa zai ƙaryata shi? Ya ɗaga burushi ya ajiye, ya sake ɗagawa. A ƙarshe ya rufe gwangwanin. Ya sha yi wa mutane ƙarin kyau a allo, amma bai iya yi wa marainiya ƙaryar uba ba. Ya naɗe allon a tabarma ya nufi gidansu kamar mai kai kansa wurin jandarma.

Ya iske Nazira da mahaifiyarta Batulu a tsakar gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗiyata, bakina ya wuce hannuna. Ki yi mini gafara, ga abin da na samo." Ya kwance tabarma ya sunkuyar da kai.

Nazira ta bi kawunan da ido tana neman wanda za a nuna mata. Kafin Labo ya ɗaga yatsa, Batulu ta saki muciya ta buga salati.

"Shi ne! Wallahi shi ne, Malam Labo!" Ta kama dariya har tana riƙe ciki, hawaye na zuba. "Ke dubi wagga ƙeya! Shekara nawa ina bayan kekenshi, mu tahi Gazawa mu komo, ita nike kallo. Huskarshi kunya ba ta bari in ƙare mata kallo ba, amma wagga na hardace ta kamar Fatiha. Dubi kunnen hagu yadda ya buɗe kamar yana sauraren gulma. In ya yi hushi nan wurin ke tattarewa, in yana dariya a ɓoye kunnen ke motsi, ya zaci ban sani ba."

Ta yi ta bayani tana shafa katakon, Nazira na durƙushe kusa da ita ba ta ko ƙifta ido. Nan surutun Labo ya fara dawowa. Ya ce in suna so zai sabunta fentin. Batulu ta ce ya kuskura ya taɓa shi su ɓata.

Can sai ta dubi ɗiyarta, ta dubi allo, ta ce, "Malam Labo, juya ka kalli bango." Ya juya. Ya ji ta shiga ɗaki ta fito, ya ji ƙarar madubi biyu suna gogar juna, ya ji tana cewa, "Zame ɗankwalin. Riƙe wanga a gabanki, ni in riƙe wanga ta baya. To, duba."

Labo na fuskantar bango, yana ƙirga tsagar laka don kada ya waiwaya. Sai ya ji muryar Nazira, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Inna, kunnena ne. Ashe duk neman da nike yi, yana nan bayana."