Inna Don-Me da Jakar Matar Kafinta

Kafin mai shara ya gama goge barandar asibiti, ita ta riga ta wanke hannu, ta zauna a ɗakin awo, ta fara tambaya. Don me ƙafarki ta kumbura? Don me mijinki bai rako ki ba? Mata suka gaji suka laƙaba mata Inna Don-Me, har likitoci suka ɗauka. Ungozoma ce, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni ban iya yabo ba, abin da mutane suka gani zan faɗa.

Akwai matar wani kafinta, haihuwarta biyu duk aiki aka yi mata. Da ta samu ciki na uku ta ƙudura a ranta sai ta haihu da kanta, ta ji abin da mata ke ji. Uwar mijinta ta ba ta dabara: "In naƙuda ta tashi ki yi shiru a ɗaki. Sai kan yaro ya leƙo mu tafi. A lokacin wa zai ɗauko wuƙa?" Ta yarda. Ba ta san tsohon ɗinki na iya ɓarkewa daga ciki ba, a rasa uwa da ɗa kafin a samo mota.

Ranar awo Inna ta shafa cikin, ta saurari bugun zuciyar jariri, sai ta tsaya tana kallonta.

"Duk mai tsohon ciki ta ishe ni da tambayar abin da za ta zuba a jakar haihuwa. Ke don me ba ki tambaya ba?"

"Ai na sani, Inna."

"Kin sani, ko dai ba ki da niyyar zuwa?"

Matar ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo, ta faɗi dabarar uwar mijinta. Da wata ce da tsawa za ta bi ta. Inna kujera ta jawo. Don me aka yi aikin farko? Yaro ne ya gicciye. Na biyu fa? Cewa aka yi tunda an taɓa yi, a sake. Ɗinkin ya taɓa yin ruwa? Autanki ya yi wayo? Ta kai ta gaban likita, ya duba, ya ce ana iya gwadawa, amma a nan, ɗakin tiyata na shirye.

Inna ta kafa sharaɗi: "Ciwon farko ki taho. In an ce tiyata, babu musu. Gwaji ne, ban yi miki alkawari ba." Sannan ta sa aka kirawo uwar mijin.

"Baba, wa ya koya miki wannan dabarar?"

"Ke dai kin cika tambaya sai ka ce alƙali."

"To ke za ki riƙe jakar."

Naƙuda ta tashi da hantsi. Tsohuwa ce ta shigo a gaba, jaka a ka, tana yi wa direba faɗan ya cika nawa. Inna ba ta bar bakin gadon ba, hannu a kan tabo, kunne a kan ciki, tana tambayar inda ciwon yake da irin yadda yake. Kafinta na waje yana auna baranda da ƙafa. Da yamma kukan jaririya ya cika ɗakin, uwa lafiya, ɗinki na nan daram. Mai jego ta fashe da kuka. Inna ta ce, "To yanzu kuma don me?"

Kada a ɗauka kowa take ce wa e. Akwai wadda ta ce wa sam, sai tiyata. Waccan ta daina gaishe ta, ga shi yau ɗanta na makaranta.

Inna, ke ce mai jin abin da ba a faɗa ba. Ke ce kika hana mata ɓuya a ɗaki da tsoro. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, in mace ta zo awo ta yi shiru, kada ku ce mai haƙuri ce. Ku tambaye ta jakarta.