Inuwa Ce, In Ji Ba'indiye

Jiya murfin tukunya ya suɓuce wa 'yata a kicin, ƙarar ta mayar da ni saman soronmu na unguwar Hindawiyya, ranar da wata ya yi husufi bayan magariba.

Maza sun tafi masallaci. Kakarmu kuwa, da ta zo da al'adarta tun daga Kano, ta raba mana murafen tukwane, wai rana ce ta kama wata, sai mun buga za ta sake shi. Muka yi ta kwankwatsa. Yayata kaɗai ta ƙi karɓa, tana aji shida a lokacin, kanta kamar wuta.

Ta ce, "Kaka, ba faɗa ba ne, inuwa ce."

Abla, malamarsu, ta ba su labarin wani masani a Indiya, sama da shekara dubu da suka wuce. Ba shi da na'ura, sai ido da lissafi, amma ya gane duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Har ya ce ƙasar da muke takawa ita ke juyawa. Kaka ta yi dariya, ta ce to Allah mai iko.

Sai ga Baffa, wan babanmu, ya hawo yana haki. Mutumin da ko lambar gidansa sai an karanta masa, amma ba a yin zance bai sa baki ba.

"Ba'indiye? Irin masu sayar da shayin bakin titi? Wannan ake koya miki a madrasa? Khalas!"

Babanmu bai taɓa iya ɗaga ido gaban wansa ba. Yayata ta yi kuka, Kaka ta yi roƙo, duk a banza. A satin Baffa ya sa aka cire ta daga madrasa. Littattafanta Baffa ya shimfiɗa a but ɗin tasinsa, yana ɗora kaya a kai. Wallahi tun ranar raina shi nake, furfurarsa ma ba ta rage komai ba.

Yanzu husufi tun kafin ya zo jawwal, wayar hannu, ta sanar da kowa, ba mai taɓa murfi. Bara Baffa ya turo wa dangi saƙon murya, yana ta ƙasaita: "Jama'a, ku sani inuwar duniya ce, masana sun tabbatar."

Yayata tana zaune kan keken ɗinkinta a unguwar Ka'akiyya na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Sake sa min inda ya ce inuwa."