Ƙofar da Mijina Bai Buɗe Ba

Mijina maigadi ne a cibiyar binciken nukiliya da ke kusa da Samaru. Abin da na sani game da wurin kaɗan ne: akwai wata na'ura a ciki da malamai ke gwaji da ita, kuma duk ranar da gari ya rikice, ba shiga ba fita.

Ranar da tarzoma ta tashi yana bakin aiki. Da hantsi muka hango hayaƙi ta wajen kasuwa. Na goya autata, na kama hannun maƙwabciyarmu, tsohuwa mai tuyar ƙosai da muke kira Mama, mai fama da ciwon gwiwa, muka nufi cibiyar. A tunanina, inda akwai katanga da sojoji, ga kuma mijina, ai mun tsira.

Muka tarar da jama'a maƙil a bakin get. Na hango shi ta tsakanin ƙarafa.

"Baban yara, buɗe mana!"

Ya matso, ko kallon goyona bai yi ba. "Ki koma. In na buɗe miki duk waɗannan za su shigo, kuma ban san wa ke cikinsu ba. Abin da ke ciki ba na wasa ba ne."

"Mama ba za ta iya komawa ba."

"Na ce ki koma."

Wani soja ya harba sama, taron ya watse a guje. A nan aka ture tsohuwar, aka bi ta kanta, ƙugunta ya karye. Mijina yana tsaye, makulli a aljihunsa.

Ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa Sabon Gari. Ba ta ƙara taka ƙasa ba. A wurin aiki aka yaba wa mijina. A unguwa kuwa aka daina amsa gaisuwarsa, a coci ma benci guda ake bar masa shi kaɗai.

Ni na matsa masa muka je duba ta. Ya durƙusa gefen tabarmarta.

"Mama, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. "Injin naku lafiya?"

"Lafiya, Mama."

"To, madalla."

Ta juya fuska bango, ta ce wa jikarta ta kai wa awaki lemun da muka kawo.

A cikin keke muna dawowa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ko gobe aka sake, haka zan yi."

Har yau muna tare, ni ke wanke masa kayan aiki.